Gurnanin Kwalba: Yadda Aibin Amfilifayar Jita Ya Zama Sana'a

Wanda ya taɓa leƙa bayan amfilifayar jita mai kwalabe a ɗaki mai duhu zai daɗe bai manta abin da ya gani ba. Kwalaben gilashi ne a jere, ƙananan ba su fi babban yatsa ba, manyan kuwa sun kai kwalbar maganin tari, kowace da ɗan jan garwashi a cikinta. In an kunna, akwatin ba ya cewa uffan sai ya yi kusan rabin minti yana ɗumama, warin ƙura mai zafi na tashi, sannan a ji ɗan huci daga lasifika, alamar ya farka ke nan. Dattawan da suka riski tsohuwar rediyo mai bawul, wato irin wannan kwalba, sun san wannan jiran. Rediyo ta daɗe da rabuwa da kwalba, talabijin da kwamfuta ma haka, domin taransista da aka ƙirƙiro a 1947 ta fi ta araha da sauƙin ɗauka da tsawon rai. Makaɗan jitar lantarki na cikin 'yan tsirarun da suka ƙi saki. Har gobe akwai mai zuba dala 2,000 ko 3,000 a kan akwati mai nauyin kilo 20 da ɗoriya, mai zafi kamar murhu, wanda kwalabensa ke tsufa sai an sauya.

Abin da suke nema a ciki shi ne ainihin abin da injiniyoyin farko suka ɗauka aibi. Jitar lantarki ba ta da wata murya ta a zo a gani. Maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiyoyinta ɗan lantarki kaɗan yake fitarwa, galibi bai kai bolt ɗaya ba, aikin kwalba kuwa shi ne ta zuga shi ya girma, kamar yadda zugazugin maƙeri ke mayar da garwashi wuta. Ƙaramar kwalbar da kusan kowa ke amfani da ita, 12AX7, wadda kamfanin RCA na Amurka ya fito da ita a ƙarshen shekarun 1940, Turai kuma ke kira ECC83, tana da matakin zuga biyu a cikinta, kowane na ninka abin da ya shigo masa kamar sau 50. Daga nan sautin ya wuce ga manyan kwalabe, 6L6 ko EL34, masu ƙarfin girgiza lasifika. To amma kowace kwalba tana da iyakarta. In aka ɗura mata abin da ya fi cikinta, sai muryar ta tsage, ta yi kauri da kaushi, ta haifi 'yan ƙananan muryoyi a kan ta asali, tsirkiya ɗaya da aka taɓa kuma ta daɗe tana kuka ba ta mutu ba, kamar goge. Littattafan injiniya sun kira wannan gurɓacewar sauti, suka koyar da hanyoyin kauce masa. Makaɗa kuwa sun shafe shekara 70 suna neman hanyar ƙara shi.

Wannan ba baƙon abu ba ne a kunnen Bahaushe. Wanda ya tashi yana jin zuzun tsirkiyar da ake ɗaurawa a fuskar ganga, ko kacau-kacau ɗin ƙarfen da ake maƙala wa garaya, ya riga ya san ba kowane kiɗa ake so ya fita garau ba.

Leo Fender, wanda sunansa ke kan jita da amfilifaya a ko'ina cikin duniya, mai gyaran rediyo ne a garin Fullerton na jihar Kalifoniya, kuma bai iya kaɗa jita ba. Abokan cinikinsa na farko makaɗan gidajen rawa ne da ke son jita ta fita tangaram ta ratsa hayaniyar jama'a, shi ya sa duk gyaran da yake yi wa na'urorinsa na neman ƙara ne marar datti. Gurnani ta ƙofar baya ya shigo. A 1951 ƙungiyar Ike Turner ta taso daga Mississippi zuwa Memphis don ɗaukar waƙar "Rocket 88" a situdiyon Sam Phillips, sai amfilifayar mai jitarsu, Willie Kizart, ta lalace a hanya. Aka cusa takardu cikin akwatin aka kaɗa haka nan, Phillips kuma ya ji zuzun ya yi masa daɗi ya bar shi a faifan. A 1958 Link Wray ya huda lasifikarsa da fensir don "Rumble", kiɗa zalla ba waƙa a ciki, duk da haka wasu gidajen rediyo suka ƙi sa shi don tsoron zai tunzura matasa. A 1964 Dave Davies na ƙungiyar Kinks, yana ɗan shekara 17, ya sa reza ya tsattsaga lasifikar wata 'yar amfilifaya mai suna Elpico, sai ga sautin "You Really Got Me". Duk ɓarna ce aka yi wa kaya, da gangan ko bisa tsautsayi. Ba a kai ga ƙera amfilifaya don wannan aiki ba tukuna.

Wanda ya fara matsawa kusa da haka mai kiɗan ganga ne. Jim Marshall yana koyar da ganga, ya kuma buɗe kantin sayar da ita a unguwar Hanwell da ke yammacin Landan a 1960. Ɗalibansa sukan shigo da abokansu masu jita, cikinsu har da Pete Townshend da Ritchie Blackmore, su zauna suna ƙorafi: Fender ta yi tsada saboda daga Amurka ake kawo ta, kuma muryarta ta cika ladabi. Marshall ya sa mai gyaransa, Ken Bran, da wani matashi ɗan shekara 18, Dudley Craven, suka buɗe cikin Fender Bassman, wadda asalinta don jitar bes aka yi ta, suka kwaikwayi tsarin wayoyinta kusan layi-layi. Sai dai da kayan da ke hannu suka yi aiki. Taransifoma na Ingila, kwalbar farko ECC83 wadda ta fi ta Bassman zuga, lasifikun Celestion huɗu masu inci 12 a rufaffen akwati. Waɗannan 'yan bambance-bambance suka haifi wata murya dabam, mai faɗa, mai cika tsakiya. A 1962 aka fito da ita da sunan JTM45, harufan farko na Jim da ɗansa Terry Marshall. Townshend bai gamsu ba. A 1965 ya nemi mai wat 100 da akwati ɗaya mai lasifika takwas, masu ɗaukar kaya suka ce ba za su iya ba, aka raba shi biyu aka ɗora ɗaya kan ɗaya. Wannan bangon baƙaƙen akwatuna shi ne hoton kiɗan rok har yau. A 1966 Eric Clapton ya murɗe tasa Marshall ɗin sosai a situdiyo don faifan da ya yi da John Mayall, a watan Satumba na shekarar kuma Jimi Hendrix ya sauka Landan, bai jima ba ya nemi kantin.

Matsalar ita ce gurnanin waɗannan akwatuna daga manyan kwalabe yake fitowa, su kuwa ba sa tsagewa sai an buɗe musu wuta gaba ɗaya. Mai son daɗin sai ya haƙura da ƙarar da za ta kori maƙwabta. A 1976 ƙungiyar su Townshend, The Who, ta shiga kundin Guinness da ƙarar desibel 126 a filin ƙwallon Charlton, Townshend kuma ya sha faɗa a bainar jama'a cewa kunnuwansa sun lalace. Wasu suka nemi dabara daga waje. Tony Iommi na Black Sabbath, wanda injin masana'anta a Birmingham ya gutsure masa kan yatsu biyu yana ɗan shekara 17, yakan sa wani ɗan akwatin zuga mai suna Rangemaster tsakanin jitarsa da amfilifayar Laney, don sautin ya isa kwalbar farko da zafinsa. Tunanin daidai ne. Saura wanda zai shigar da wannan ƙarin mataki cikin akwatin kansa.

Ya fito ne daga bayan wani kantin kayan kiɗa mai suna Prune Music a yankin San Francisco, inda wani matashi, Randall Smith, ke gyaran amfilifaya. A ƙarshen shekarun 1960 aka kawo masa 'yar Fender Princeton ta Barry Melton, mai jitar ƙungiyar Country Joe and the Fish, ana son a zolaye shi. Princeton amfilifayar koyo ce, wat 12 da lasifika mai inci 10. Smith ya kwashe hanjinta, ya dasa irin na Bassman da manyan taransifoma, ya matsa lasifika mai inci 12 a ciki, ya mayar da fuskar kamar ba a taɓa ba. Carlos Santana na cikin masu leƙowa kantin. Aka ba shi ya gwada, ya kaɗa ya sake kaɗawa, ya ce lallai wannan 'yar aba ta iya cashewa. Kalmar da ya yi amfani da ita, boogie, ita ta zama rabin sunan kamfanin Mesa/Boogie.

Wannan dai ƙarfi kawai aka ƙara. Babban abin ya zo a farkon shekarun 1970, lokacin da makaɗi Lee Michaels ya nemi Smith ya haɗa masa sashen gaba da zai tuƙa wasu manyan amfilifayoyin Crown da ya saya. Smith bai san yawan lantarkin da Crown ɗin ke buƙata ba, sai ya yi abin da mai shakka kan yi: ya ƙara matakin kwalba guda, ya sa abin murɗawa uku a tsakanin matakan don a rage duk abin da ya yi yawa. Ranar gwaji, kamar yadda shi kansa ke ba da labari, aka yi kuskuren haɗa waya, sauti ya fito ƙasa-ƙasa, suka yi ta ƙara murɗawa. Da aka gyara haɗin, Michaels ya taɓa jita, sai ɗakin ya ɗauka da wani gurnani mai kauri da ba ya yankewa. Lissafin ba shi da wuya. Matakin farko ya ninka sau 50, na biyu ya kai abin 2,500, na uku 125,000, abin da ba kwalbar da za ta iya haɗiyewa, saboda haka kowace na tsaga muryar ta miƙa wa ta gaba. Tun da yanzu a ƙananan kwalabe ake dafa gurnanin, abin murɗawa na ƙarshe sai ya zama famfo. A buɗe kaɗan a ɗakin kwana, a buɗe da yawa a filin wasa, ɗanɗanon na nan kusan yadda yake. Wannan jeranta matakai shi ne abin da masu sana'ar ke ce wa hai-gen, wato zuga mai yawa, kuma a kansa aka gina duk waɗanda suka biyo baya.

Smith ya zuba dabarar cikin amfilifayar da daga baya aka kira Mark I. A ƙarshen shekarun 1970 Mark II ta zo da maɓallin takawa da ƙafa, a taka sau ɗaya a sami murya garau, a sake takawa a sami gurnani. Nan ne asalin amfilifaya mai layi biyu, wadda ta hutar da makaɗi daga ɗaukar akwati biyu zuwa wajen wasa. Wani samfurinta na 1984, Mark IIC+, shi ƙungiyar Metallica ta ɗauki "Master of Puppets" da shi a Copenhagen, faifan da ya fito a 1986, kuma tsofaffinsa na cikin abubuwa masu tsada a kasuwar gwanjon kayan kiɗa.

Marshall bai yi barci ba. A 1975 ya fito da samfurin 2203 mai famfon ƙara na ƙarshe, a 1981 kuma aka sake masa riga aka kira shi JCM800, sunan da aka ɗauko daga lambar motar Jim Marshall. Duk da haka makaɗan Los Angeles na shekarun 1980 sun ga zugar ba ta isa ba, sai wata sana'a ta tsiro a gareji-gareji, ta masu farke Marshall su ƙara mata kwalba. Jose Arredondo na cikin waɗanda suka yi suna, sautin jitar Slash a faifan farko na ƙungiyar Guns N' Roses a 1987 kuwa daga irin wannan Marshall ɗin da aka yi wa aiki ya fito, ta wani kamfanin hayar kayan kiɗa. Da yawansu sautin mutum ɗaya suke bi, Eddie Van Halen, ɗan ƙasar Holan da iyayensa suka kawo Pasadena yana yaro. Abin mamaki, tasa hanyar dabam ce. Ya taɓa sayen Marshall da aka saita a wutar Turai, bolt 220, bai sani ba ya soka ta a wutar Amurka wadda kusan rabin haka ce. Da ta ɗumama sai ya ji gurnanin nan cif, amma a hankali. Daga nan ya samo na'urar rage wuta mai suna Variac, ya riƙa shayar da tsohuwar Marshall ɗinsa mai wat 100 kimanin bolt 90, duk abin murɗawa a ƙarshe. Da wannan ya yi faifansa na 1978 da ya sauya yadda matasa ke riƙe jita.

Wanda ya tattara duk wannan gwaje-gwaje ya mayar da shi tsari tsaf shi ne Mike Soldano, mutumin Seattle, da SLO-100 ɗinsa ta 1987. A cikin jerin matakanta akwai guda da ya tsuke wa wuta da gangan don ya riƙa yanke sauti ta gefe ɗaya, wannan kuwa shi ke ba ta cizo ba tare da muryoyin tsirkiyoyi sun cuɗe ba. Clapton da Mark Knopfler na cikin masu sayen farko, Van Halen ma ya yi amfani da ita kafin ya haɗa kai da kamfanin Peavey na garin Meridian a Mississippi. Da injiniyan kamfanin, James Brown, suka fito da 5150 a 1992: wat 120, ƙananan kwalabe biyar, manya huɗu, da farashin da ƙaramar ƙungiya za ta iya. Sunan na situdiyon Van Halen ne, shi kuma ya aro shi daga sashen dokar Kalifoniya kan tsare mai taɓin hankali. Makaɗan metal mai nauyi suka rungume ta, irin su Machine Head a faifansu na 1994, bayan rabuwa da Van Halen kuma Peavey ya ci gaba da ƙera ta da sunan 6505. A daidai wannan lokaci Mesa ya fito da Dual Rectifier mai fuskar farantin ƙarfe irin na matakalar babbar mota, wadda ta zama muryar Korn da Limp Bizkit da jitoci masu tsirkiya bakwai.

Kowace cikinsu gwana ce a abu ɗaya. 5150 ta iya ruri amma layinta na garau ba shi da daɗi. Rectifier tana da ƙasa mai kauri har ya yi sako-sako, shi ya sa masu ita ke sa wani ɗan koren akwatin takawa na Ibanez, Tube Screamer, wanda ya fito tun 1979, a gabanta don ya tsuke mata ƙugu. Makaɗin da ke kiɗan biki yau, gobe yana situdiyo, jibi yana bayan mawaƙi, ba zai iya da akwati uku ba.

Amsar wannan buƙata ta fi fitowa daga hannun Jamusawa. Reinhold Bogner, wanda ya ƙaura Los Angeles a 1989, ya yi Ecstasy mai layi uku. Peter Diezel ya yi VH4 a 1994, layi huɗu kowane da nasa abubuwan murɗawa, ana iya sauya su daga nesa. Manya suka biyo sahu: Marshall JVM410 ta 2007 tana da layi huɗu, kowane da yanayi uku, muryoyi 12 ke nan, Mesa Mark V ta 2009 kuwa layi uku da yanayi tara, har wasu suna ɗauke da sunayen kakanninsu, Mark I da IIC+. Wanda ya san abin da ya gabata, in ya dubi fuskar irin waɗannan akwatuna, tarihi zai gani a jere. Layin farko Fullerton ne, garau ɗin Leo Fender. Na biyu kantin Hanwell ne, kaushin Marshall da aka murɗe. Na uku da na huɗu garejin Kalifoniya ne. Wani reshe kuma ya bi ta ƙanƙanta, tun daga Tiny Terror ta kamfanin Orange a 2006, wat 15 a akwatin ƙarfe da ake ɗauka da hannu ɗaya kamar kular abinci.

Duk wannan gini a kan ƙafa siririya yake tsaye. Yawancin masana'antun kwalba na Amurka da Ingila sun rufe tun shekarun 1970 da 1980, abin da ya rage bai wuce 'yan ƙalilan ba: ɗaya a Saratov ta Rasha, mallakar Ba'amurken nan Mike Matthews mai kamfanin Electro-Harmonix, ɗaya ta JJ Electronic a Čadca ta ƙasar Sulobakiya, sai wasu a Sin. A watan Maris na 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Ukraine, Rasha ta hana fitar da ɗaruruwan kayayyaki, kwalabe suka shiga ciki, kwalabe suka yi ƙaranci a kantuna, farashi ya yi tashin gwauron zabi kafin a sassauta. Ta ɗaya gefen kuma kwamfuta na matsowa: POD ta Line 6 a 1998, Axe-Fx a 2006, Kemper ta Jamus a 2011, wadda ke sauraron amfilifaya ta gaske ta kwafe muryarta. Metallica kanta da irin wannan na'ura ta yi wasa a nahiyar ƙanƙara ta Antatika a Disambar 2013, inda masu sauraro suka ji kiɗan ta abin sawa a kunne. Amma in aka buɗe jerin muryoyin da ke cikin waɗannan na'urori, su Bassman da JCM800 da SLO da 5150 ne dai ake kwaikwayo. Kwalba ce har yanzu ma'auni.

Wannan tarihi ya taɓo yankinmu ta Agadas. A bukukuwan aure na Abzinawa, inda ake kafa jita da ganga a fili a tayar da janareta, ƙananan amfilifayoyi ake murɗewa har su fi ƙarfinsu, gurnani ya fito. Mdou Moctar, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke, ya kuma ɗauki faifansa na farko a Sakkwato a 2008, ya faɗa cewa bidiyon Van Halen na cikin abin da ya buɗe masa ido. Wanda ya saurari "Afrique Victime" na 2021 zai ji yadda kiɗan hamada ke zama in ya sami amfilifayar da za ta riƙe masa dogon numfashi.

Mai shirin saye a yau, wannan labari ya rage masa aiki. A ganin mai wannan rubutu, yawan abin murɗawa ba shi ke nuna amfilifaya za ta shiga kowane kiɗa ba, domin akwai mai layi huɗu da ukunsu kusan murya ɗaya ce. Abin gwadawa a kanti kaɗan ne. A fara da layin garau, don nan masu zuga da yawa suka fi kasawa. A koma layin gurnani, a rage ƙarar daga jikin jita zuwa rabi: amfilifaya ta ƙwarai za ta lafa ta koma ɗan kaushi mai daɗi, marar kyau kuwa za ta dushe kawai. A kaɗa tsirkiya shida tare a ji ko ana rarrabe kowace. A danne ta ƙasa da gefen tafin hannu a ji ko tana tsayawa cak ko tana jan ƙafa. A ɗauke hannu a saurari hucin da ya rage, tun da kowane matakin zuga na ninka datti kamar yadda yake ninka kiɗa. A duba bayanta ko akwai mashigar na'urar amsa-kuwwa tsakanin sashen gaba da manyan kwalabe, don in ba ta, amsa-kuwwar sai ta dagule cikin gurnani. Maganar wat kuwa, mai 100 ba ta fi mai 50 ƙara ba sai da desibel 3 kacal, kuma mai 20 ta ishi yawancin ɗakunan taro in an sa mata makirufo. Layi biyu ko uku masu jin hannu, da akwatin lasifika mai kyau, sun fi muryoyi 12 da mai su ba zai taɓa amfani da tara ba.

Sai abin da ya shafi wutarmu. Amfilifayar da aka ƙera don kasuwar Amurka bolt 120 take sha, wutar Najeriya da Nijar da Gana kuwa 220 zuwa 240 ce. Van Halen ya tsira ne don kuskurensa ta ɓangaren ƙarancin wuta ya zo, wanda ya yi akasin haka taransifomarsa ce za ta ƙone. A karanta abin da ke rubuce a bayan akwatin kafin a soka, a nemi na'urar rage wuta in da buƙata, a kuma sa mata sitabilaiza in da janareta za a yi aiki. Kada a taɓa kunna ta ba a haɗa lasifika ba, a tabbata adadin om na lasifikar ya dace da na mafitar. In kuma ta samu matsala, a kai wa mai gyaran da ya san aikin kwalba, domin kafasitocin cikinta na iya riƙe bolt 400 zuwa 500 ko bayan an zare waya daga bango.